Kwalba Biyu

Ni suka ba aikin rakiya.
Nomau ya ƙetare farin layi, hannu a sama,
ƙafafunsa na rawa kamar na maraƙin da aka haifa yanzu.
Na dafa kafaɗarsa: "Yaro, daga nan sai ni da kai.
Ba runguma, ba shan ruwa daga hannun kowa."

Mutanen Bagalam na kirari,
'yan kabu-kabu na danna oda har kunne ya toshe,
amma daga rumfar mai shayi
magana ta riga mu isa:
"Ɗan mai faci ne zai bar 'yan Yamai a kwanar Jiratawa?
Ruwa ba ya tsami banza.
Tramol ne. Ko ja ya haɗiya, ko kore."

Ɗakin gwajin aji ne da aka share,
allo na ɗauke da ragowar lissafin jiya.
Likita ta buɗe akwati mai sanyi,
ta jera kwalba biyu, tagwaye,
da takarda mai tambayar tsiya.

"Me ka ci? Me ka sha cikin kwana bakwai?"
Ya ce fura, ya ce dabino, ya ce kofi kofi biyu.
Sai ya yi shiru.
"Da jiƙon kakata, na shawara.
Ban san sunan saiwar ba."
Alƙalami ya tsaya, ya sake tafiya.

Fitsari kuwa ya ƙi zuwa.
Rana ta kwashe rabonta tun a hanyar Madarunfa.
Muka zauna bisa bencin yara, gwiwa kusa da haɓa,
yana kurɓar ruwan gora mai hatimi,
ina ƙirga ƙudaje.

"Baba Kalla, an ce kai ma ka yi zamani."
Na ce na yi.
Ban ce masa wata safiya, bayan tashar mota,
wani ya danƙa mini ƙwaya biyu cikin takardar siminti ba.
Ban ce ranar nan hanya ta zama tabarma,
iska ta koma bayana tana tura ni ba.
Na ci rediyo da buhun shinkafa.
Kwana uku zuciyata na dakan sakwara, barci ya yi ƙaura.
Ba kwalba a lokacin, ba likita,
ba tsohon da zai tsaya mini a kai.
Ilu, wanda ya zo na biyu,
yana sayar da albasa a babbar kasuwa har gobe.
In na gitta sai ya ɗaga hannu: "Zakara!"
Shekara talatin ina amsawa.

Bayan la'asar Nomau ya miƙe.
Doka ta ce sai ido ya gani.
Ni da nake sa'ar ubansa,
ni da na je sunansa na ci goro,
na tsaya ina kallon abin da kunya ta hana kallo.
Bai ɗago ba. Ban sauke ido ba.

Ya raba da hannunsa, wannan rabi, wancan rabi,
ya murɗa marfi har ya ce ƙas,
irin rufin da ba ya buɗuwa sai an fasa.
Za su hau jirgi su ƙetare teku,
shi da bai taɓa wuce Ƙonni ba.
Mako shida, in ji likita.
Gari kuwa ya gama shari'a tun kafin shayi ya huce.

Ya fita yana tura keken, bai hau ba,
sarƙa na ƙirga taku, kofin azurfa a cikin leda.
Ban sani ba ko da gaskiyarsa.
Wallahi ban sani ba.

Da dare na sauko da rediyon nan daga saman kabad,
na hure ƙurar,
na riƙe shi a cinya, ban kunna ba.
Gobe Litinin, akwai cefane.
Layin 'yan albasa ne hanyata.